GIZO DA RUWAN KASKO: ZAƁEN RUWA DA TSAFTAR MAZAUNI A KIWON TARANTULA

1.0 GABATARWA

Da wuya a sami wata ƙaramar halitta da ta yi kane-kane a adabin Bahaushe kamar gizo-gizo. Shi ne Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, mai tsamin baki, wanda ya yaudari zaki da kura da giwa, ya ci nasu, ya kuma kwana lafiya. Duk wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970, zai tarar da Gizo ya fi kowa yawan fitowa. Har a sararin sama an ba shi baka, watau bakan gizo, wanda ake cewa idan ya fito ya shanye ruwan hadari ke nan. A wannan zamani kuma an ari yanarsa an raɗa wa hanyar sadarwa ta kwamfuta suna.

Gizon tatsuniya ba ya mutuwa. Ko an jefa shi a wuta, gobe za a same shi a wata tatsuniyar. Gizo-gizon zahiri kuwa rai ne mai rauni ƙwarai, musamman idan mutum ya raba shi da daji ya kulle shi a akwati. Daga ranar nan ba shi da raɓa, ba shi da rami mai sanyi, sai abin da mai kiwonsa ya ba shi. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake zaɓa wa babban gizo-gizon nan mai gashi, wanda ake kira tarantula, ruwan sha, da yadda ake tsaftace mazauninsa. Don kada maganar ta tsaya a iska, za a auna ta da irin ruwan da ake samu a garin manoma kamar Sukuntuni, cikin ƙasar Kankiya, maƙwabciyar Kusada, a tsakiyar Jihar Katsina. Za a ga cewa mafi yawan abin da ake bukata Bahaushe ya riga ya san shi a gindin randa da bakin akurki, sai ’yan wurare kaɗan inda sabo zai iya kai shi ya baro.

2.0 TARANTULA DA MASU KIWONSA

Asalin sunan daga birnin Taranto ne, a kudancin Italiya, inda mutanen dā suka yi imani cewa cizon wani gizo-gizo na ƙasarsu yana sa cutar da ba ta warkewa sai da kiɗa da rawa. Da Turawa suka shiga nahiyar Amurka suka tarar da waɗansu manyan gizo-gizai masu gashi, sai suka ɗora musu wannan suna, ko da yake ba dangi ɗaya ba ne da na Taranto. A yau masana sun ƙididdige fiye da iri 1,000 a cikin wannan zuriya. Mafi girmansu yana dazuzzukan arewacin Amurka ta Kudu, kuma idan ya baje ƙafafunsa yakan kai wajen santimita 28, kusan faɗin faifai.

Afirka ta Yamma tana da nata. Akwai mai zama a kan itatuwa a Togo da Gana, akwai mai ɓuya a ƙoƙon bishiyar kwakwa, akwai kuma manyan masu haƙa rami a ƙasa mai danshi a Kamaru da Nijeriya. Ɗaya daga cikin waɗannan na ƙarshe yana da labarin da ya shafi tarihin ƙasar Hausa. Wajen shekarar 1900 wani masani a Landan mai suna Pocock ya bayyana wani ƙaton gizo-gizo da aka kamo a Jebba, bakin Kwara, ya sa masa suna Hysterocrates hercules. Wanda ya kamo shi wani hafsan sojan Ingila ne mai suna Abadie, wanda daga baya ya zama Razdan a Zariya, Hausawa suka laƙaba masa Mai Jimina, ya mutu a 1904. Wannan gawa guda tana ajiye a gidan adana halittu na Landan, ita ce kuma masana ke dogaro da ita wajen sanin wannan iri.

Kiwon tarantula don sha’awa ya bunƙasa ne a Turai da Amurka tun daga shekarun 1970. Cinikin ya yi ƙarfi har ya sa a 1985 aka shigar da wani iri mai jan gwiwa na ƙasar Meziko cikin yarjejeniyar duniya ta taƙaita fataucin halittun daji, kamar yadda aka yi a 1995 ga babbar baƙar kunama, irin wadda Hausawa ke kira duwu, da ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin. A ƙasar Hausa ba a gaji kiwon gizo-gizo ba, hasali ma tsoron tautau ake yi, ana danganta masa wasu ƙuraje. Amma ajiye abin da ba don a ci ba tsohuwar al’ada ce: gardawa na yawo da kura da maciji da kunama, samari na kiwon tantabaru da kanari, attajirai na ajiye aku da ɗawisu. Wanda zai ajiye tarantula a yau shi ne malamin kimiyya don ɗalibansa, ko ɗalibin ilmin halittu, ko kuwa saurayin da ya gani a wayarsa ya yi sha’awa. Dukkansu tambayar farko da za ta tare su ita ce ta ruwa.

3.0 MATSAYIN RUWA A JIKIN GIZO-GIZO

Babban tarantula mai lafiya yana iya shafe watanni bai ci komai ba, amma ba ya iya yin haka da ƙishirwa. Dalilin yana cikin ginin jikinsa, ta fuska uku.

Na farko, ƙafafu. Mutum yana da tsokar lanƙwasa gaɓa da tsokar miƙe ta. Gizo-gizo kuwa, a manyan gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa, tsokar lanƙwasawa kaɗai gare shi. Idan zai miƙe ƙafa, jini yake turawa cikinta da ƙarfi, kamar yadda jak ɗin mota ke ɗaga kaya da matsin mai. Parry da Brown na Jami’ar Kambirij sun auna wannan matsi a 1959. Saboda haka idan ruwan jikinsa ya ragu, matsin ya faɗi, sai ƙafafun su naɗe a ƙarƙashinsa, ya kasa tafiya ko da kaskon ruwa na kusa da shi. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. A wurin wannan halitta zancen ya wuce karin magana.

Na biyu, baki. Gizo-gizo ba ya tauna. Yakan zuba wa abin da ya kama ruwan narkarwa, ya tsotse romon, ya yar da tuƙar. Kowane ci da ya yi yana cin ruwan jikinsa. Sha kuma yakan yi shi ne ta hanyar sunkuyar da gaban jikinsa ya nutsa baki cikin ruwa, wani lokaci na tsawon mintoci.

Na uku, huhu. Yana da huhu huɗu a ƙarƙashin ciki, kowanne tarin siraran fatu ne jere kamar shafukan littafi, iska na ratsa tsakaninsu. Ta nan danshin jikinsa ke fita idan iska ta bushe, ta nan kuma hayaƙi da tururin guba ke shiga.

Bugu da ƙari, gizo-gizo yana saɓa kamar maciji, ƙanana sau da yawa a shekara, manya kamar sau ɗaya. Da matsin ruwan jiki yake fasa tsohuwar fata ya zare ƙafafunsa. Wanda saɓa ta riska cikin ƙishirwa yakan maƙale, ya rasa ƙafa ko ransa. Matan wasu iri suna haura shekara 20 a hannun mai kula, ashe ke nan kuskuren mako guda na iya yanke rayuwa mai tsawo.

Yanayin Sukuntuni yana ƙara wa wannan magana nauyi. Damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Da hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, da bazara kuma zafi yakan haura digiri 40, alhali mafi yawan tarantula sun fi sakewa tsakanin digiri 24 da 28. Wanda aka kawo daga kurmin Kamaru baƙo ne a irin wannan ƙasa.

4.0 RUWAN GARI DA HUKUNCIN KOWANNE

Ƙa’idar da masu kiwo suka yarda da ita gajeriya ce: ruwan da mutum mai lura zai sha hankalinsa kwance, shi ne za a ba gizo-gizo. Sai dai a gari irin Sukuntuni ruwa iri-iri ne, ya kamata a bi su ɗaya bayan ɗaya.

4.1 Ruwan kududdufi da na tafki

Wannan shi ne mafi kusa da damina, shi ne kuma mafi haɗari. Duk abin da ruwan sama ya wanko daga gari da gonaki nan yake taruwa: kashin dabbobi, da takin zamani, da ragowar maganin ciyawa da na ƙwarin wake da auduga. Sau da yawa a bakinsa ake ɗauraye injin feshi. Tarihin kurkunu ya isa shaida a kan ruwan kwance. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami mutum fiye da 650,000 ɗauke da cutar, duk ta hanyar shan wani ɗan mitsitsin ƙwaron ruwa mai ɗauke da tsutsar. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da faɗakarwar da Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka jagoranta, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da kuɓutar ƙasar a 2013.

A cikin wannan yaƙi akwai darasi na musamman ga mai kiwon gizo-gizo. Ɗaya daga cikin makaman da aka yi amfani da su shi ne wani magani da ake zubawa a tafki gwargwadon da zai kashe ƙwaron ruwan nan ba tare da ya cuci mai sha ba. Ƙwaron ruwan da gizo-gizo kuwa babban gida ɗaya suka fito, na masu ɓawo a waje da ƙafafu gaɓa-gaɓa. Wannan ya nuna iyakar ƙa’idar da aka ambata: akwai gubar da ɗan’adam zai sha bai ji komai ba, amma ta kashe ƙwaro. Tacewa da ƙyalle tana tsare abin da ke yawo a cikin ruwa, alif da garin ’ya’yan zogale suna kwantar da laka, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma babu ɗayansu da za a dogara da shi ya fitar da gubar da ta narke. Saboda haka ruwan kududdufi a bar shi gaba ɗaya.

4.2 Ruwan rijiya

Rijiyar gida tana da kyau idan tana da baki ginanne da murfi, guga kuma ba a yar da shi a ƙasa. Abin dubawa shi ne nisanta da salga da turken dabbobi. Ma’aikatan lafiya sukan ba da shawarar mita 30, abin da ba kowane gida ke iya samu ba a tsakiyar gari. Idan akwai shakka, a tafasa ruwan ya yi minti guda yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe. Ruwan zartsi yakan bar farin busasshen gishiri a jikin kasko. Wannan aikin wanki yake ƙarawa, amma idan zartsin ya kai mutane na ƙin sha, to a nemi wata rijiyar, domin tafasawa ƙara masa kauri take yi.

4.3 Ruwan burtsatse

Mafi yawan ƙasar tsakiyar Katsina tana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙasa kuma yana taruwa a cikin tsagogin dutsen da ruɓaɓɓen samansa. Ruwan da famfon tuƙa-tuƙa ko na hasken rana ke jawowa daga can ya fi na rijiya tsira daga ƙazantar sama, shi ne kuma zaɓi na farko. Wani yakan fito garau, in ya jima ya yi ja saboda ƙarfen da ke cikinsa. Sai a bar shi ya kwanta a tsiyaye na sama. Haɗarin ruwan burtsatse yana hanya, tsakanin bakin famfo da gida. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko kananzir, da galan ɗin maganin feshi da aka ɗauraye aka mayar na ruwa, suna riƙe abin da suka taɓa ɗauka. Mai sayen ruwa a hannun ’yan garuwa ba ya sanin tarihin kowace jarka. Tun da abin da gizo-gizo ke sha a mako bai wuce ’yan cokula ba, babu wahala mai shi ya keɓe kwalba guda mai tsafta ya tara da hannunsa.

4.4 Ruwan sama

Ruwan sama mai kyau ne, amma ba na farkon zuba ba. Rufin kwano da indararo sun kwashe wata bakwai ko takwas suna tara ƙura da tsatsa da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. A bar ruwan farko ya wanke su, a tari na baya a mazubi mai murfi, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki.

4.5 Ruwan leda, na famfo da na batir

Ruwan leda, wanda ya yaɗu tun shekarun 1990, yana wadatarwa idan na masana’anta ne mai rajistar hukumar NAFDAC, bai kuma daɗe a rana ba har ya ɗauki warin roba. Mazauna birane kamar Katsina da Kano masu samun ruwan famfo su san ana sa masa sinadarin kulorin. Idan aka bar shi a buɗe kwana guda sinadarin yakan fice. Akwai kuma tarko guda na harshe. A littattafan Turawa akan ambaci tataccen ruwan tururi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. A kasuwa kuwa da wannan da ruwan asid mai ƙuna duka “ruwan batir” ake ce musu. Tun da babu wata bukata da ta tilasta shi, barinsa ya fi.

5.0 KASKON SHA

An ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Gizo-gizon da ke kulle ba shi da kazar da zai ci albarkacinta, tilas a yi masa nasa. Kaskon ya zama mai faɗi marar zurfi, kada faɗinsa ya wuce bajewar ƙafafun mai shi. Ga ɗan ƙarami murfin kwalba na roba ya isa. Ga babba, ƙaramin tangaran ko gilashi ya fi, domin suna wankuwa sarai. Kaskon yumɓu irin na kaji yana tsattsafo, yana jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsa, gansakuka kuma tana kama shi da wuri. Gwangwani da murfin ƙarfe suna tsatsa. A ɗan binne gindin kaskon don kada ya kife, a kuma jefa tsakuwa guda wankakkiya a ciki, domin gyare ko kyankyason da aka sa masa ya sami abin hawa in ya faɗa, kada ya mutu ya ruɓe a ciki.

Akwai tsohon kuskure da ya daɗe yana yawo a tsakanin masu sayar da waɗannan halittu, watau sanya soso ko auduga a cikin kaskon wai don kada gizo-gizo ya nutse. Gashin jikinsa ba ya barin ruwa ya kama shi, har ma babban na Kamaru an san shi da iyo. Soso kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ce, yana kuma hana shi nutsa baki yadda ya kamata. Ruwa zalla ake so, kullum a cike, ko da ba a taɓa ganin yana sha ba, domin da dare yake harkokinsa.

6.0 TSARIN TSAFTA

A nan ne sabo ke iya yaudarar mai kiwo. Wanda ya saba share akurki da turke kullum safiya zai ɗauka haka za a yi wa gizo-gizo. Amma shi ba ya gani sosai duk da idanunsa takwas. Da yanar da ya shimfiɗa a ƙasa da bakin rami yake gane gidansa, da ita yake jin motsin abinci. Duk ranar da aka kwashe ta an mayar da shi baƙo, sai ya yi kwanaki yana zagaye, ya ƙi ci. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Tsaftarsa ta tsince-tsince ce, ga kuma yadda take.

Kowace rana a duba da ido: ko akwai ruwa, ko wani abu ya faɗa ciki, ko tururuwa ta sami hanya. Da hunturu da bazara ƙaramin kasko yana iya ƙafewa cikin yini guda. Wasu iri suna da halin cika kaskon da ƙasa ko jefa tuƙar abinci a ciki. In an ga haka a canza nan take.

Bayan kowane ci, a sa dogon hantsaki a ɗauke tuƙar, wadda takan zama ɗan dunƙule a gefe guda. Abincin da ya kwana ba a ci ba a fitar da shi. Tuƙar da aka bari a wuri mai danshi ita ce ke kiran funfuna, da ƙananan ƙudaje, da wasu fararen ƙwari ’yan’uwan kaska masu taruwa a bakin gizo-gizo da gaɓoɓinsa.

Sau ɗaya ko biyu a mako a fitar da kaskon, a goge santsin da ya kama shi da ruwan zafi da wani ɗan buroshi da aka keɓe masa. Ba a bukatar sabulu. In ƙazantar ta tilasta, a sa kaɗan marar ƙamshi, a ɗauraye sau da yawa, a shanya a rana. Wanda ya tanadi kasko biyu ya huta, yana sa ɗaya yana wanke ɗaya. Kashin gizo-gizo fari ne kamar alli, ba ya wari. Tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi sun isa goge shi daga jikin gilashi.

Sauya ƙasar mazaunin gaba ɗaya ba shi da ranar da aka yanka masa. Ana yin sa ne idan funfuna ta yi yawa, ko ƙwari sun mamaye, ko wuri ya yi masa kaɗan. Sabuwar ƙasar kada ta fito daga gonar da aka yi wa feshi ko taki, ko daga juji. A turara ta a tukunya, ta huce, sa’an nan a zuba. Wajen fitar da shi a kifa masa kofin roba, a zura kwali a ƙarƙashi. Ba a ɗaukarsa da hannu, saboda dalili biyu: cikinsa yana fashewa in ya faɗo ko daga tsawon tebur ne, sa’an nan irin na Afirka suna da sauri da zafin dafi. Ba a san cizonsu da kisa ba, amma yana sa raɗaɗi da ɗaurewar tsoka na kwanaki. Na nahiyar Amurka kuwa gashin cikinsu suke watsowa, mai sa ƙaiƙayi, mai kuma haɗari ga ido.

Yanayi ma yana canza aikin. Da rani, ga irin masu son danshi, a tsiyaya ruwa a kusurwa guda ta ƙasar har ya ratsa ƙasa, a bar sauran a bushe, shi ya zaɓi inda ya ga dama. Fesa masa ruwa a jiki firgita shi kawai yake yi. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, a rage jiƙawa a ƙara kafofin iska, domin danshi marar iska ya fi bushewa saurin kisa. Ɗakin soro mai sanyi ya fi ɗakin kwano, kuma akwatin gilashin da rana ta faɗa wa tanda ne.

Wajibi ne mai kiwo ya rarrabe kwanciya iri biyu. Idan ya tarar da shi rigingine, ƙafafu a sama, a kan shimfiɗar yana, saɓa ce: kada a taɓa shi, kada a yi shara, a tabbata babu gyare mai rai a ciki, domin yana iya cin sa a lokacin da jikinsa ke da taushi. Bayan ya gama a cika masa ruwa, a jinkirta abinci mako guda ko fiye har fiƙoƙinsa su yi baƙi su yi ƙwari. Idan kuwa a kife yake, ƙafafu naɗe a ƙarƙashi, ciki ya motse, ƙishirwa ce ta kai maƙura: a sa bakinsa a ruwa marar zurfi, a bar cikin a waje don huhun yana can.

7.0 GUBAR DA KE CIKIN ƊAKI

Mai kiwo na iya zaɓen ruwa mafi kyau, ya bi tsarin tsafta sarai, amma ya kashe abin kiwonsa a dare guda da abin da ya saba yi. Duk maganin da aka yi don sauro da kyankyaso da kuɗin cizo an yi shi ne don ya lalata jijiyoyin irin waɗannan halittu: na feshi, da na kunnawa, da fiya-fiya da ake yayyafawa a lungu, da wanda ke jikin gidan sauro. Haka maganin kaska na shanu da karnuka, da hayaƙin taba, da turaren wuta, da magungunan wanke bayan gida. Kaskon ruwa a buɗe yake, abin da ke cikin iska yana sauka a kansa. Alamar guba ita ce karkarwa da tafiyar maye, kuma da wuya a dawo daga nan.

Hukunci a nan a fili yake. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara, ba kuwa za a cire gidan sauro saboda gizo-gizo ba. Shi za a mayar ɗakin da ba a kwana, ba a kuma feshi. Wanda ya dawo daga feshin gona ya wanke hannu ya sauya riga kafin ya taɓa kaskon. Fara da gyaren da aka kamo a gonar da aka fesa ba abinci ba ne. Tururuwa da kiyashi kuma, waɗanda ruwa ke jawowa da rani, ana tsare su ta hanyar tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa, kamar yadda ake tsare zuma da sukari.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa ruwa shi ne ƙarfin ƙafar gizo-gizo da abin saɓarsa; cewa a gari kamar Sukuntuni ruwan burtsatse a kwalba mai tsafta ne kan gaba, sai na rijiya tafasasshe da na sama tararre, na kududdufi kuwa babu shi a lissafi; cewa kuma tsaftar mazauninsa ’yar kaɗan ce amma ta kullum. Sanannen hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, ya isa nuna nauyin da ke kan duk wanda ya kulle mai rai, kome ƙanƙantarsa. Wanda ya san ba zai iya ba, barin gizo-gizo a raminsa ya fi masa.

Akwai kuma ribar da ta wuce akwatin gilashi. Tambayoyin da mai kiwo zai yi kafin ya cika ɗan kasko, watau daga ina ruwan nan ya fito, me jarkar nan ta taɓa ɗauka, nawa ne tsakanin rijiya da salga, ina aka wanke injin feshi, su ne tambayoyin da suka kamaci randar da yaran gidan ke sha. Ɗalibin da ya koyi yin su saboda gizo-gizo, zai yi su saboda ƙannensa.